Sun sa ni haɗa Yahudawa da Larabawa a baje kolin hotuna, yanzu na rasa na yi

Baƙuwar Sanyi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, bayanin nawa zai ɗan yi tsawo, amma sai na faro daga tushe za ku gane inda na maƙale.

Ina digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, fannin tsara gidajen tarihi da baje koli. Don in rage wa kaina nauyin kuɗin makaranta ina aikin awa 20 a mako a ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje. Tun daga 7 ga Oktoban 2023, ranar da Hamas ta kai hari Isra'ila aka fara yaƙin Gaza, harabar makarantar nan ba ta koma yadda take ba. Ba mu kai Jami'ar Columbia ba, inda aka kafa tantuna a watan Afrilun 2024 har 'yan sanda suka shiga suka kwashi ɗalibai sama da 100 a rana ɗaya, amma mu ma mun ga namu. Mutanen da a da suke karatu a teburi ɗaya a laburare yanzu ko lif ba sa son shiga tare.

Farkon zangon nan shugabar ofishinmu ta kira ni ta ce an ware dala 2,000 don a yi wani abu na fasaha da zai haɗa ɗalibai Yahudawa da Larabawa, kuma ni take so in riƙe. Dalilinta wai ni ba Balarabiya ba ce, ba kuma Bayahudiya ba, saboda haka ina tsakiya. Na yi dariya a zuci. Mace mai hijabi da ake gani a masallacin makaranta kowace Juma'a, wane irin tsakiya? Larabawan suna kallona a 'yar'uwar da bai ma kamata a tambaye ta ɓangarenta ba, Yahudawan kuwa sai da na yi sati uku ina gaishe su kafin wasunsu suka daina amsa mini da rabin baki. Ban kuma ɓoye wa kowa ba cewa abin da ake yi wa Gaza yana hana ni barci.

Duk da haka na karɓa. Shawarar da na yanke ita ce kowa ya kawo abu ɗaya da ya gada daga kakanninsa, mu ɗora a kan baƙin yadi mu ɗauki hotonsa, mai shi ya rubuta bayani a ƙasa wanda bai wuce kalma 60 ba. Mutum 13 suka amsa: Yahudawa 9, Larabawa 4. Ƙungiyar ɗaliban Larabawa ta ce ba da sunanta ba, wanda ya zo ya zo ne a ƙashin kansa.

Abubuwa biyu ne suka jawo mini wannan rubutu. Wata Bafalasɗiniya 'yar aji uku ta kawo makulli na ƙarfe, tsawonsa ya kai tafin hannuna, duk ya yi tsatsa, an ɗaura masa koren zare a wuya. Na gidan kakarta ne a Yafa. A 1948 suka fita ta jirgin ruwa zuwa Beirut, da tunanin sati biyu za su yi su dawo. Wani Bayahude kuma ɗan fannin injiniya ya kawo 'yar butar gahawa ta tagulla mai dogon baki, gefenta ɗaya a lotse. Kakansa ne ya fito da ita daga Bagadaza a 1951, lokacin da Yahudawan Iraƙi wajen 120,000 suka bar ƙasar, aka soke musu zama 'yan ƙasa, aka kuma riƙe dukiyoyinsu.

Ni da idon mai tsara bango, da na ga hotunan nan biyu sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na rataya su kafaɗa da kafaɗa a bangon da ke kallon ƙofa, gida biyu da aka rasa. Har ina yaba wa kaina.

Da yarinyar ta shigo ta gani, ta fi minti biyu ba ta ce uffan ba. Can ta ce in sauke mata makullinta. Ta ce: ba mu muka kori kakansa daga Bagadaza ba, amma ƙasar da ta karɓi kakansa ita ce ta hana kakata komawa Yafa har ta mutu. In kin jera su haka, cewa kika yi an yi kunnen doki, kowa ya yi rashi, a tashi. Shi kuma da labari ya kai masa, ya zo ya same ni a ofis ransa a ɓace, ya ce dama ya saba, labarin irin su ba ya shiga lissafin kowa. Kakarsa da Larabci take zaginsa in ya yi ɓarna tun yana yaro, amma in ya faɗa wa Larabawa sai su ɗauka dabara ce.

Ina cikin wannan sai ga saƙo daga sama. Wai a cire kalmar Nakba, sunan da Falasɗinawa suke kiran korarsu a 1948, daga bayanin yarinyar a sa "abubuwan da suka faru a 1948", kuma ranar buɗewa za a turo mai ɗaukar hoto don a sa a shafin jami'a.

To jama'a, ga tambayata. Irin wannan haɗuwa ta hanyar zane da kiɗa da hotuna, tana yin wani amfani kuwa, ko dai ana amfani da ni ne a yi wa makaranta kwalliya? In ci gaba ko in mayar musu da kuɗinsu? Saura sati uku a buɗe.

Gaskiya Ɗaci ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki mayar musu da kuɗinsu.

Amsar tambayarki tana cikin saƙon da aka turo miki. Suna son hoton mai hijabi a tsaye kusa da mai 'yar hular Yahudawa ana murmushi, amma ba sa son kalma ɗaya da yarinya ta rubuta a kan gidan kakarta. Nakba ba zagi ba ce, sunan da mutanen da abin ya shafa suke kiran korar Falasɗinawa wajen 700,000 ne. Wanda ya ce ki zo mu tattauna amma shi zai zaɓa miki kalmomi, ba tattaunawa yake so ba.

Kuma an gwada wannan hanyar har an gaji. Bayan yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa a 1993 ƙasashen Turai da Amurka sun zuba kuɗi a shirye-shiryen haɗa matasa, sansanin hutu, wasan kwaikwayo, ƙwallo, waƙa. Ƙungiyar Seeds of Peace ma a shekarar aka kafa ta, ana kwasar yara zuwa jihar Maine su kwana ɗaki ɗaya. A wancan lokacin Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma, ban da gabashin Ƙudus, ba su kai 120,000 ba. Yau sun kai rabin miliyan. Yaran sun yi waƙa sun rungumi juna, ɗaya ya koma shingen bincike yana riƙe da bindiga, ɗayan ya koma layi yana riƙe da takardar izinin wucewa.

Shi ya sa malamai da masu fasaha Falasɗinawa suka fito da kiran ƙaurace wa cibiyoyin ilimi da al'adun Isra'ila a 2004, sannan BDS, gangamin ƙaurace wa Isra'ila da janye jari da sa mata takunkumi, ya biyo baya a 2005. Kalmar da suke amfani da ita ita ce taɗbi'i, wato mayar da abin da ba daidai ba ya zama kamar ba komai. Ƙungiyar ɗaliban da ta ƙi ba ki sunanta ba taurin kai take yi ba, wannan take gudu.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ni da rigima da Bayahude don yana Bayahude, a zanga-zangar jami'o'in Amurka ma akwai Yahudawa a sahun gaba. Yaron nan mai buta an zalunci kakansa, ba na musu. Amma yarinyar ta fi ki gaskiya a kan bangon nan.

Malam Mai Allo ya rubuta:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na koyar da darasin sasanta rikici na wasu shekaru, kuma abin da ya same ki yana cikin abubuwan da muke fara gargaɗin ɗalibai a kansu. Ɗan'uwa Gaskiya Ɗaci ya faɗi rabin magana, kuma rabin nasa daidai ne. Bari in kawo ɗaya rabin.

Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, Gordon Allport, ya ce haɗa mutanen da ke gaba da juna a wuri ɗaya kawai ba ya rage ƙiyayya, wani lokaci ma ƙara ta yake. Sai an cika sharuɗɗa: su shigo da matsayi ɗaya, su kasance da manufa ɗaya, su yi aikin tare ba gasa ba, hukuma kuma ta tsaya musu. Yanzu ki auna naki. Mutum 9 da mutum 4. Ɓangare ɗaya an taɓa masa kalma, ɗayan ba a taɓa ba. Aikin kuma ba tare suka yi ba, kowa ya kawo kayansa ya miƙa miki, ke kaɗai kika shiga ɗaki kika yanke inda kowa zai zauna. Hukumar ma da ya kamata ta tsaya muku, kanta take karewa.

Wata malama a Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, Ifat Maoz, ta daɗe tana bin diddigin irin waɗannan tarurruka a cikin Isra'ila, ta kuma rarraba su. Akwai masu cewa mu duka mutane ne, a bar siyasa a bakin ƙofa. Akwai masu haɗa mutane a kan wani aiki, kamar ƙungiyar mawaƙa. Akwai masu sa rikicin kansa a tsakiyar tabarma. Akwai kuma masu bin hanyar labari, kowa ya ba da tarihin gidansu. Na farkon shi hukumomi suka fi so don ba ya tayar da ƙura, kuma shi Larabawa suka fi fita daga cikinsa da takaici, har ba'a ake yi masa ana cewa zaman cin humus, wani abincin yankin. Ofishinku na farkon yake so. Ke kuma, ko kin sani ko ba ki sani ba, na huɗun kika ɗauko, kuma shi ba ya yiwuwa da almakashi a hannun hukuma.

Ga misalin da ya fi kusa da bangonki. Sami Adwan na Jami'ar Baitalami da Dan Bar-On na Jami'ar Ben-Gurion sun tara malaman tarihi na ɓangarorin biyu, suka yi shekaru suna aiki, suka ga fitar da tarihi ɗaya da kowa zai yarda da shi ba zai yiwu ba. Sai suka buga littafi ta wata siga: kowane shafi, gefe ɗaya labarin Isra'ilawa, ɗaya gefen labarin Falasɗinawa, tsakiya an bar layuka babu rubutu don ɗalibi ya rubuta nasa. A 1948 gefe ɗaya yana cewa yaƙin samun 'yanci, ɗayan yana cewa Nakba, babu wanda ya goge wa wani. A 2010 ma'aikatar ilimin Isra'ila ta hana koyar da shi.

Za ki ce ai su ma jerawa suka yi kamar ke. Bambancin shi ne su da kansu suka zauna suka yi faɗa har suka yarda a jera su. Ke jera su kika yi ba su sani ba. Makullin nan ba kayan ado ba ne a wurin yarinyar, hujja ce, kuma kin ɗauki hujjarta kin gina wata magana da ita wadda ba tata ba. Haka shi ma yaron, kin mayar da butar kakansa ma'aunin da za a auna makulli da shi.

Akwai wani ƙauye tsakanin Ƙudus da Tel Abib, Wahat al-Salam da Larabci, Neve Shalom da Ibrananci, inda iyalai Larabawa da Yahudawa suke zaune tare da gangan. Makarantar sasantawarsu tana aiki tun 1979, kuma ƙa'idarsu ba ta da sarƙaƙiya: masu jagorantar zama biyu ne, Balarabe da Bayahude, ana magana da harsunan biyu, kuma ana ware lokaci kowane ɓangare ya keɓe ya yi magana a cikin nasa. Ba sa alkawarin za a fita ana son juna.

Wani abu kuma da zai taimake ki: kada ki ɗauki abin da ake yi a jami'o'in Isra'ila ki ɗora a naki kai tsaye. Can Larabawa kusan kashi 21 cikin 100 ne na 'yan ƙasa, a Jami'ar Haifa sun haura kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai, amma da Ibrananci ake koyarwa, abokin ajinsu sau da yawa bai daɗe da ajiye kakin soja ba, kuma tun 2018 doka ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Bayan Oktoban 2023 an dakatar da ɗalibai Larabawa da dama saboda abin da suka rubuta a kafafen sada zumunta. Can zama tare dole ne, gobe da safe aji ɗaya za a shiga. Naki kuwa kowa yana iya juya baya ya yi tafiyarsa har ya gama digiri. Mutum 13 da suka zo ba wanda ya tilasta su, kada ki raina wannan.

Shawarata: kada ki mayar da kuɗi tukuna. Sauke hotunan duka, ki kira masu su.

Ɗan Goge ya rubuta:

Anti Baƙuwa, ni ba malami ba ne, kiɗa nake koyo a Berlin, sai dai in faɗi abin da na gani da idona.

Nan akwai makarantar kiɗa ta Barenboim da Said, an buɗe ta a 2016, ɗalibanta galibi daga Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka. Tushenta ƙungiyar makaɗan nan ce ta West-Eastern Divan da Daniel Barenboim, Bayahude haifaffen Ajantina, da Edward Said, Bafalasɗine malamin Jami'ar Columbia, suka kafa a Weimar ta Jamus a 1999. Na sha zuwa kallon ɗalibansu a zauren makarantar. Abin da mutane ba sa lura da shi, masu goge bibbiyu suke zama, takardar kiɗa ɗaya ce a gabansu. Ɗaya ne yake juya shafi, kuma in ya makara da daƙiƙa ɗaya dukansu sun ɓata. Sandunan gogensu dole su hau tare su sauka tare. Kana iya ƙin mutum har cikin ranka, amma awa shida a rana kunnenka yana kan numfashinsa. Ranar wasa kowa ya sa baƙar kwat an yi tafi, wannan na 'yan kallo ne. Abin da yake faruwa tsakaninsu a ɗakin gwaji yake faruwa, inda babu mai ɗaukar hoto.

Shi kansa Barenboim ya sha faɗa cewa ƙungiyar ba za ta kawo zaman lafiya ba, yaƙi da jahiltar juna take yi. Da suka je wasa Ramallah a 2005 sai da gwamnatin Sifaniya ta ba makaɗan fasfo na diflomasiyya kafin suka iya shiga. Ka ga kiɗan bai buɗe iyaka ba, takarda ce ta buɗe. Kuma masu kiran ƙauracewa ba su ƙyale su ba, su ma sun sha suka a kan taɗbi'i.

Amma abin da ya sa na sa baki shi ne yaron nan mai buta. Anti, ki ce masa labarinsu yana cikin lissafi, ko da mutane sun manta. Lokacin da aka yi babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira a 1932, makaɗan da suka raka tawagar Iraƙi kusan duk Yahudawa ne. Wasu 'yan'uwa biyu, Saleh da Daud al-Kuwaiti, ɗaya mai goge ɗaya mai kaɗa ud, molon Larabawa, su ne ginshiƙin makaɗan gidan rediyon Bagadaza tun 1936. A 1951 suka fita, shekarar da kakan yaronki ya fita. A Isra'ila suka ƙare da ƙaramin shago a wata unguwar talakawa ta Tel Abib, don a lokacin kiɗansu kiɗan abokan gaba ne a kunnen masu faɗa-a-ji. A Iraƙi kuma aka ci gaba da sa waƙoƙinsu a rediyo amma aka daina ambaton sunansu. Gaba kura baya sayaki. Jikan Daud, Dudu Tassa, shi ya dawo da waƙoƙin yana rera su da Larabci.

Shi ya sa ni rabon nan na Bayahude can Balarabe nan ba ya shiga kaina sosai. Yaron nan kakarsa da Larabci take mafarki. A wane bango za a rataya ta?

Gaskiya Ɗaci ya rubuta:

Ɗan Goge, labarin 'yan'uwan nan biyu ya taɓa ni, ban san shi ba. Amma tunda ana kawo masu fasaha, ga nawa. Juliano Mer-Khamis uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bafalasɗine Kirista. A jikinsa ɓangarorin biyu suka haɗu. Da ya tashi yin wasan kwaikwayo bai je ya jera yara ana rungume-rungume ba, sansanin 'yan gudun hijira na Jenin ya shiga ya buɗe gidan wasa a 2006, ya tsaya tare da waɗanda aka danne. A ƙofar gidan wasan aka harbe shi a watan Afrilun 2011. Irin wannan haɗuwar na yarda da ita.

Malam, na ji bayaninka kuma na ƙaru. In za a bar kalmar yarinyar yadda ta rubuta, na janye cewa a mayar da kuɗi. In an taɓa ko harafi ɗaya, ina nan a kan bakana.

Uwar Biyu ta rubuta:

'Yata, su malamai sun yi nasu, ni ta ɓangaren ofis zan zo miki, don shekarata 11 ina aikin gudanarwa a wata kwaleji a nan Amurka.

Duk abin da kuka yi da shugabarki ya zama a rubuce, ta imel. Ki nemi ta rubuta miki wa ya ce a cire kalmar, da wane dalili. Sau da yawa in aka ce a rubuta, sai ki ga maganar ta mutu, don babu mai son sunansa a kai.

Kada ki ɓata lokaci wajen neman tambarin ƙungiyoyi a takardar gayyata. Hillel, babbar ƙungiyar ɗaliban Yahudawa, tana da ƙa'ida tun 2010 da ta hana rassanta haɗa taro da masu goyon bayan ƙauracewa, ɗaya ɓangaren kuma kin ji nasu dalilin. Ki bar kowa ya zo da sunansa.

Mai ɗaukar hoto kuwa, a'a. Wasu yaran nan iyayensu ba su san sun shiga ba, wasu suna da dangi a Gaɓar Yamma ko Labanan. Ke ma da bizar ɗalibi kike zaune, kin kuma ga yadda aka soke wa ɗaliban waje biza a 2025. Ba tsorata ki nake ba, amma kada ki bari fuskarki ta zama tallar kowa. Kada kuma ki sa buɗewa daren Juma'a ko ranar Asabar, masu kiyaye Asabar ba za su zo ba, sai a ce da gangan kika yi.

Baƙuwar Sanyi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma ne don ina son in dawo da labari ba alkawari ba.

Malam, na bi maganarka. Na sauke hotunan duka na shimfiɗa su a ƙasa, na kira masu su ranar Lahadi da yamma. Mutum 11 suka zo. Na fara da ba su haƙuri, na ce bangon nasu ne, ni guduma da ƙusa kawai zan riƙe. Na roƙi wata malamar Larabci da wani malamin tarihin Yahudawa su zauna tare da mu, suka yarda.

Awa uku da rabi muka yi, kuma ba zama mai daɗi ba ne. An ɗaga murya. Wani ya ce abokin yayansa yana cikin waɗanda aka kashe a wajen bikin kiɗan nan ranar 7 ga Oktoba, kuma tun da aka zauna babu wanda ya ambace su. Ɗaya Bafalasɗinen ya buɗe wayarsa ya fara karanta sunayen danginsu na Khan Yunis a Gaza, ya kai na tara muryarsa ta ƙi fita. Na zaci a nan taron zai watse. Mutum ɗaya ne ya ɗauki hotonsa ya fita, bai kuma dawo ba. Wani ɗan Labanan ma washegari ya turo saƙo ya janye.

Maganar Nakba ba ni na kashe ta ba. Mama Uwar Biyu, na nemi a rubuta mini kamar yadda kika ce, kwana huɗu ba amsa. Sai wata Bayahudiya mai shiru-shiru, wadda ta kawo alkukin kyandir na kakarta daga Folan, ta rubuta wa ofis da kanta ta ce in aka taɓa bayanin kowa ita ma a sauke nata, mutum biyar suka sa hannu a ƙasa. Aka dawo mana da cewa a liƙa sanarwa a ƙofa cewa bayanan ra'ayin masu su ne ba na jami'a ba. Mun liƙa. Mai ɗaukar hoto kuma an fasa. Yaya Gaskiya Ɗaci, ko harafi ba a taɓa ba.

Makulli da buta ba sa kusa da juna yanzu. Su biyun ne suka yanke: makulli a bangon gabas, buta a bangon yamma, suna fuskantar juna, ɗakin gaba ɗaya a tsakaninsu. Ba yadda za a yi ka kalli ɗaya ba ka juya wa ɗayan baya ba, sai dai ka waiwaya. A idona na mai tsara bango bai kai na farko kyau ba.

Da muna tattara kaya, yaron ya kifa butar ya nuna wa yarinyar gindinta. Akwai rubutun Larabci da aka buga da ƙarfe, ya ce tun da kakarsa ta rasu babu mai iya karantawa a gidansu. Ta karɓa, ta goge wurin da bakin mayafinta, ta kai kusa da fitila. Ta ce sunan maƙerin ne, da kalmar Bagadaza, sauran ya shafe. Ya ce ta maimaita sunan, ta maimaita, ya rubuta a wayarsa da haruffan Ibrananci. Ta miƙa masa butarsa ta ɗauki jakarta ta tafi, ko sallama ba su yi ba.

Ɗan Goge, na ba shi sunan 'yan'uwan nan biyu, ya ce zai tambayi babansa. Ranar Alhamis da ƙarfe biyar za mu buɗe, da hoto 11, kuma har yanzu ban samu wanda zai taya ni riƙe tsani ba.